Tambaya da Amsa: Haɗa na'urar taron bidiyo da Teams

Tambaya: Ofishinmu ya mayar da saƙonni da kira kan Microsoft Teams, alhali na'urar bidiyon ɗakin taronmu tsohuwar Polycom ce. Shin dole ne mu jingine ta? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, ba dole ba ne. Irin wannan na'ura da ƙa'idar SIP ko H.323 (tsarin da na'urori ke bi wajen kiran juna) take aiki, wadda Teams ba ya fahimta kai tsaye, saboda haka ana buƙatar tafinta a tsakani, wato hidimar da kamfanonin Pexip da Cisco suke sayarwa da amincewar Microsoft. Da zarar an sayi lasisi kuma an saita hidimar, gayyatar taro za ta riƙa zuwa da adireshi da lamba a ƙasanta, waɗanda za a shigar a na'urar ɗakin domin hoto da murya su haɗu.