Ku Tambaya Mu Amsa: Awa Nawa Ne Daga Kano Zuwa Jidda a Jirgi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ummana ce za ta tafi Umara, a tikitinta an rubuta za su tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare su sauka Jidda 5 na asuba, awa 7 kenan fa, alhalin maƙwabciyarmu da ta je ta ce tafiyar ko awa 5 bata kai ba. Wanne ne gaskiya? Ƙafarta na kumbura in ta daɗe a zaune, shi ne hankalina ya tashi. Daga wata mai karatu, Gwale, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kai Umma lafiya ya karɓi ibada. Kwantar da hankalinki, daga tikitin har maƙwabciyar babu wanda yayi ƙarya.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz dake Jidda kusan kilomita 3,400 ne in an miƙe sak, jirgin fasinja kuma yana cin kilomita 800 da wani abu a awa, in kika haɗa da tashi da sauka sai ki samu awa 4 da rabi zuwa 5. To ina sauran awa 2 ɗin? Agogo ne. Saudiyya na gabanmu da awa 2, kuma a tikiti kowane lokaci da agogon garin da aka ambata ake rubuta shi, wato 5 na asubar Jidda ƙarfe 3 na dare ne a nan Kano, kinga awa 5 kenan a sama. Ranar dawowa kuma sai ki ga kamar awa 3 kacal, shima agogon ne.

Sai dai kar ki riƙe lissafin nan kam, domin miƙaƙƙiyar hanyar ta saman Chadi da Sudan take bi kafin a tsallaka Bahar Maliya, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 sai aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Sannan ki duba tikitin da kyau ko akwai yada zango, wasu ta Alƙahira suke bi wasu ta Adis Ababa, wannan kam ana iya wuni a hanya, ki tambayi ejan ɗinku ya faɗa miki ɓaro-ɓaro.

Maganar ƙafa ita tafi damuna. A roƙar mata kujerar bakin hanya ba ta jikin taga ba, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, ta sha ruwa sosai, tsofaffinmu da yawa ƙin sha suke don kunyar shiga banɗakin jirgi, wallahi wannan cutar kai ne. In an cike fom ana iya nema mata keken guragu a filin jirgi. Kuma ta ga likita kafin ranar tafiya, ta gaya masa awa 5 za ta yi a zaune.