Filin Tambaya da Amsa: Ɗalibanmu Suna Cin Jarrabawa, Amma Gurbin Jami'a Ya Gagara

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce shugabar wata makarantar sakandare ta al'umma a Agege, kuma yawancin ɗalibanmu 'ya'yan Hausawa ne da aka haifa a nan Legas. Shekara uku ke nan muna yaye ɗalibai da sakamako mai kyau a WAEC, wasunsu ma suna haura maki 200 a jarrabawar JAMB, amma 'yan ƙalilan ne suke samun gurbi a jami'a. Iyaye sun fara cewa abin sai wanda ya san wani, malamaina kuma suna ganin aikinmu ya ƙare tun ranar da yaro ya rubuta takardarsa ta ƙarshe. Mene ne ya rataya a wuyana, kuma daga ina zan fara?
Daga wata shugabar makaranta, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri da kika ɗauki wannan damuwa a matsayin taki, domin shugabanni da yawa suna tsayawa ne inda malamanki suka tsaya. A ganina malaman nan sun yi kuskure. Uban da ya yi shekara shida yana biyan kuɗin makaranta daga abin da yake samu a kasuwa, burinsa shi ne ya ga ɗansa ya wuce gaba, kuma a cikin gidan nan sau da yawa babu wanda ya taɓa shiga jami'a balle ya san hanyar. Idan makaranta ba ta nuna hanyar ba, mai shagon intanet na bakin titi shi zai nuna, alhali bai san yaron ba kuma ba shi da asara idan abin ya lalace.

Ki fara daga aji huɗu na sakandare, wato SS1, lokacin da ake raba yara zuwa ɓangaren kimiyya, da na kasuwanci, da na adabi da zamantakewa. A nan ne ake yin asarar da ba a gane ta sai bayan shekara uku. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Ingilishi dole, sauran ukun kuma kwas ɗin da ɗalibi yake nema ne yake ƙayyade su. Mai son likitanci sai ya rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniyanci sai Lissafi da Fiziks da Kemistiri, mai son lauya kuwa ba ya tsallake Adabin Ingilishi. Haka nan ana neman kiredit 5 a darussan da suka dace a WAEC ko NECO, har da Ingilishi, da Lissafi ga yawancin kwasa-kwasai. Yarinyar da take mafarkin zama lauya amma makarantarku ba ta da malamin adabi, an riga an rufe mata ƙofa tun tana SS1 ba tare da ita ko iyayenta sun sani ba. Hukumar JAMB tana wallafa kundin da ya jera sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta, tare da manhajar kowane darasi, a shafinta na intanet kyauta. Ki sa a buga shafukan kwasa-kwasan da ɗalibanku suka fi nema, ki ɗora wa malami ɗaya mai haƙuri alhakin zama da kowane ɗalibi shi kaɗai, sau ɗaya a kowane zango, ya rubuta abin da yaron yake so ya zama da darussan da yake ɗauka, ya duba ko sun hau kan juna. A riƙa sabunta shafukan duk shekara, saboda sharuɗɗa suna canzawa.

Abu na biyu ya fi shafar mu Hausawa fiye da maƙwabtanmu, shi ne maganar suna. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma daga rumbun hukumar katin ɗan ƙasa ake ɗauko sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa. To mu kuma suna ɗaya muna rubuta shi ta hanya uku ko huɗu: Muhammad a makaranta, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Muhammadu a takardar haihuwa. Wani a wuri ɗaya ya sa sunan mahaifi, a wani wurin ya sa sunan kaka ko na garinsu. Ranar haihuwa kuwa sau da yawa ƙiyasi ne aka yi a gaban mai cika fom. Lokacin da nake koyarwa na ga yarinya mai ƙoƙari da ta samu gurbi, ta je tantancewa aka tarar da shekarar haihuwarta ta WAEC ta saɓa da ta JAMB, ta yi watanni tana zirga-zirga tsakanin ofisoshi har lokacin rajista ya wuce ta. Har yau ina jin ciwon abin, domin minti goma a ofishin shugaban makaranta da sun isa a gano shi tun tana SS1. Saboda haka ki buɗe fayil ga kowane ɗalibi mai ɗauke da kwafen takardar haihuwa da takardar NIN, a daidaita su harafi da harafi kafin a tura sunaye ga WAEC da NECO. Ki tuna kuma cewa shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga manyan makarantu, don haka iyayen da suke matsa miki ki tsallakar da yaro aji suna bukatar su ji wannan daga bakinki.

Layin waya ma yana cikin wannan babin. Ɗalibi yana tura lambar NIN ɗinsa ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019 domin a ba shi lambar da zai yi rajista da ita, kuma wannan layin shi zai ci gaba da bin sa har ya shiga makaranta. Yaron da ya ari layin yayansa mai tafiya Arewa da dawowa, ko na mai shago, ya ɗaura wa kansa wahala. Kowane ɗalibi ya mallaki layinsa da adireshin imel ɗinsa, makaranta ta rubuta su ta ajiye, kuma a cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai za a yi rajista, malami yana tsaye yana duba abin da aka cika kafin a miƙa.

Yanzu ga inda nake ganin yawancin ɗalibanki masu maki 200 da ɗoriya suke faɗuwa, kuma shi ne abin da iyaye suke fassarawa da rashin hanya. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi kowa maki daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko. Abin da ake dubawa shi ne jihar asali da ɗalibi ya rubuta, ko da kuwa a Agege aka yanke masa cibiya. Yankin Jami'ar Legas da ke Akoka shi ne jihohin Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti. Ɗan asalin Katsina ko Sakkwato da ya zaɓe ta ba shi da rabo a kashi 35 ɗin nan, sai dai ya shiga ta ƙofar fifikon maki ko ta kashi 20, inda jihohinmu na Arewa suke da yawa a jerin. Ita wannan jami'a ba ta sauraron wanda bai sa ta zaɓin farko ba ko wanda bai kai maki 200 ba, tana son kiredit biyar ɗin a zama ɗaya, sannan tana yin tata jarrabawar ta tantancewa ta haɗa makinta da na JAMB da na sakamakon sakandare. Maki 200 izinin shiga layi ne kawai. A kwasa-kwasai irin likitanci da lauya, waɗanda ake ɗauka sun yi wa wannan adadi nisa ƙwarai. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo kuwa ta jiha ce, kuma kamar kowace jami'ar jiha tana da kason da take ware wa 'yan asalin jiharta.

Wannan yaron da bai samu shiga a Akoka ba, da ya zaɓi Jami'ar Bayero yana ɗan asalin Kano, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana ɗan Sakkwato ko Kebbi ko Zamfara, ko Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ya shiga cikin 'yan yanki. Na san akwai iyayen da ba za su yarda 'yarsu ta yi nisa ba, kuma ina girmama wannan, amma gara su yanke shawarar suna sane da abin da ta ƙunsa. Ki kira taron iyaye tun zangon farko na SS3, a yi shi da Hausa, a ranar da 'yan kasuwa za su iya zuwa, ki gayyaci limamin unguwa da wakilin Sarkin Hausawa domin maganar ta yi nauyi. A wurin ki gaya musu su nemi takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarsu tun da wuri, ko lokacin da suka je gida hutun Sallah, kuma ki ja kunnensu kada wani ya ba su shawarar a rubuta wa yaro jihar da ba tasa ba, domin a wurin tantancewa ake neman takardar.

Game da jarrabawar kanta, tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yana iya ɓatar da rubu'in awa yana fama da fargaba. Idan makarantarku ba ta da kwamfutoci, ki yi yarjejeniya da wata cibiya ta kusa a riƙa kai su rukuni-rukuni, su saba da danna A, B, C, D da harafin N na zuwa gaba da P na komawa baya, ana riƙe musu agogo. Ki ƙarfafa su su yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa kafin ta gaskiyar. Sai Ingilishi. Yaranmu na Legas suna jin Hausa da Yarabanci da broka, bakinsu yana gudu, har a ɗauka sun iya Turanci, amma karanta dogon nassi a fahimce shi cikin minti uku wani abu ne daban, kuma ba a samun sa sai da karatun yau da gobe tun daga ƙananan azuzuwa. Littafin da hukumar take ɗora wa ɗalibai a ɓangaren Ingilishi, a karanta shi a aji daga farko har ƙarshe, a daina dogara da taƙaitawar da ake yaɗawa a WhatsApp.

Bayan fitowar sakamako ne malamanki suka fi bukatar canza tunani. Tun 2017 duk gurbin da za a bayar sai ya bi ta manhajar JAMB da ake kira CAPS. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC dole ya koma ya ɗora shi idan ya fito, in ba haka ba ba za a duba shi ba ko makinsa nawa ne, kuma idan an ba shi gurbi sai ya shiga da kansa ya karɓa cikin wa'adi. Akwai kuma damar canza makaranta ko kwas bayan an ga maki. Ki bar malamin nan da ya san su tun SS1 ya ci gaba da bibiyarsu ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen shekara, ki ba shi ɗan alawus da kuɗin kira. Duk wanda ya zo wa iyaye da alkawarin gurbi ta bayan fage, ki gaya musu cewa gurbin da bai bi ta CAPS ba hukuma ba ta san da shi ba, kuma matsalar tana fitowa ne lokacin tafiya bautar ƙasa.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya rubuta JAMB sau biyu yana neman likitanci, makinsa bai kai 200 ba. Ya ce zai sake a karo na uku. In bar shi?
Daga wani uba, Mile 12.

AMSA: Alhaji, sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, don haka duk maimaici shekara ce guda daga rayuwar yaro. Ka tafi da shi wurin malamin da ya koyar da shi kimiyya, ku ji gaskiyar ƙarfinsa a Kemistiri da Fiziks. Idan akwai alamar zai iya, to ya sake, amma da karatu mai tsari tun yanzu. Idan kuwa tazarar tana da yawa, akwai shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello da shirin JUPEB da Jami'ar Legas da wasu jami'o'i suke gudanarwa, kowanne karatun share fagen shiga jami'a ne na kimanin shekara ɗaya, wanda ya ci da kyau yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye. Akwai kuma Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda take nan tun 1947, inda zai yi difloma ta shekara biyu a fannin kimiyya ya fito da sana'a a hannu, kuma ƙofar jami'a tana nan a buɗe gare shi bayan haka. Idan kuɗin makaranta ne yake damun ka, tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, kuma zai iya nema da zarar ya samu gurbi ya yi rajista.