Firinta ta kwana biyu a ajiye, baƙi ya ƙi fita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Mabera, nan Sakkwato. Ina da firinta mai tankin tawada da nake buga takardun jarrabawa da ita. Na yi wata biyu ban taɓa ta ba, yanzu baƙi sai ya fito layi-layi, alhali tanki cike yake. Na sa ta wankin kan firinta sau takwas a jere, ba canji. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai, ki tsayar da wankin nan haka. Takwas ya yi yawa.

Tawadarki ba ƙarewa ta yi ba, bushewa ta yi a bakin hanya. Kan firinta, wanda masu gyara ke ce wa hed, yana da ƙananan ramuka da ba su kai kaurin silin gashi ba, ta nan ake feso tawada. Ita kuwa tawadar mafi yawanta ruwa ne. To ki haɗa wannan da garinmu: iskar hunturu mai busar da leɓe, sannan zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Wata biyu a ajiye ya isa ya toshe ramukan.

Akwai kuma abin da mutane ba su lura da shi. In aka kashe firinta da maɓallinta, kan yana komawa gefe ya zauna bisa wani murfin roba da ke hana iska shiga. In wuta aka ɗauke tana tsakiyar aiki, ko aka zare ta daga soket, sai kan ya kwana a buɗe. Na fi zargin wannan.

Me ya sa na ce ki daina wanki? Kowane zagaye yana zuƙo tawada ya zubar a wani soso da ke ƙasan na'urar. Ran da soson ya cika, firinta za ta ƙi aiki sai an kai ta shago. Littafin kamfanin firinta na Epson ma cewa ya yi bayan wanki uku a bar na'ura ta huta awa 12.

Don haka ki kashe ta da maɓalli ta kwana. Da safe ki buga gwajin nozul, wato zanen layuka da ke nuna ramukan da suka toshe, yana sashen kula da na'ura a kwamfuta. In giɓin da ke cikin zanen ya ragu, kin kama hanya, ki yi wanki ɗaya ki sake gwadawa. In giɓin yana sauya wuri, iska ce ta shiga bututu. Akwai wanki mai ƙarfi da aka tanada don haka, sai dai yana shan tawada sosai, ki cika tanki tukuna. In kuwa giɓin na nan daram a wuri ɗaya, aikin mai gyara ne, zai jiƙa kan da ruwan wanke hed. Don Allah kada a sa allura, kada a zuba ruwan famfo ko na rijiya, gishirin da ke cikinsa ƙara toshewa zai yi.

In ta warke, ki riƙa buga shafi guda mai dukkan launuka huɗu duk mako, ko hutu ake. Ki lulluɓe ta da zane saboda ƙura, ki ɗauke ta daga bakin taga. Tawadar awo kuwa da ake ɗurawa a kwalba ba suna, arharta ba ta kai kuɗin sabon hed ba.