Yarjejeniyoyin Anishinaabe: alfarma gwamnati ta yi musu ko haƙƙinsu ne?

Tambaya: Salam Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne a Sudbury, Kanada. Duk taron da aka je sai an fara da cewa muna kan ƙasar Anishinaabe ƙarƙashin yarjejeniyar Robinson Huron, kuma na ji wani abokin karatuna na ƙorafi wai gwamnati tana fifita su, ta ba su izinin farauta da kamun kifi da kuɗi. Don Allah mece ce gaskiyar maganar, kuma ya suke mulkin kansu a da?

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Maganar abokinka ita ce mutane da yawa ke yi a can, kuma kuskurenta tun daga tushe yake, don gwamnati ba ta ba su komai ba, su ne suka ba gwamnati, sannan suka riƙe wani abu suka ce wannan ba ya cikin cinikin. Ka san a ƙauyukanmu mutum kan sayar da gona amma ya ce ɗorawar da ke ciki tawa ce, duk shekara zai zo ya tsinki kayarsa, wanda ya saya ba zai ce alfarma yake masa ba. To haka lamarin yake, kuma Kotun Ƙolin Amurka ma tun 1905 ta tsayar da wannan ƙa'idar a wata shari'ar kamun kifi ta wata ƙabilar daban, cewa duk abin da ƴan asalin ƙasa ba su miƙa a yarjejeniya ba yana nan hannunsu.

Anishinaabe dai al'umma ce babba da ke zagaye da manyan tafkunan nan na tsakanin Kanada da Amurka, a Ontario da Manitoba da Michigan da Wisconsin da Minnesota. Cikinsu akwai Ojibwe da Odawa da Potawatomi, waɗannan ukun suna da tsohon ƙawance da ake kira Majalisar Wuta Uku, akwai kuma Algonquin da Mississauga da wasu.

Yarjejeniyar da kake ji a Sudbury an ƙulla ta a Sault Ste. Marie cikin Satumban 1850. Dalilinta kuwa tagulla ce, kamfanoni sun fara haƙar ma'adinai a bakin tafkin Superior ba tare da an tambayi masu ƙasa ba, har shugabanni irin su Shingwaukonse suka tashi suka je suka rufe wani wurin haƙa a Mica Bay a 1849, sai gwamnati ta turo William Robinson ya zauna da su. Aka yi takardu biyu, ta yankin tafkin Huron da ta yankin tafkin Superior. Suka yarda a yi amfani da ƙasar, su kuma za su ci gaba da farauta da kamun kifi, a riƙa biyansu kuɗi duk shekara, kuma aka rubuta cewa idan ƙasar ta kawo riba za a ƙara kuɗin. An ƙara sau ɗaya, ya kai dala 4 ga mutum ɗaya a 1875, daga nan shiru. Kai da kake Sudbury ka san irin arzikin nikel da aka kwashe a wannan yankin, amma shekara kusan 150 mutum yana zuwa ya karɓi dala huɗu, wallahi abin akwai ciwo. Sai da suka je kotu, a 2018 alƙali ta ce dole a duba ƙarin, a 2023 gwamnatin tarayya da ta Ontario suka amince su biya dala biliyan 10 ta Kanada ga al'ummomi 21 na Robinson Huron, sannan a Yulin 2024 Kotun Ƙolin Kanada ta tabbatar cewa gwamnati ta saɓa alƙawari. Wannan kuɗin da abokinka ke gani bashi ne aka biya a makare.

A ɓangaren Amurka rigimar ta kifi ce. Ojibwe sun miƙa filaye a 1837 da 1842 da 1854, suka riƙe haƙƙin farauta da kamun kifi da girbin shinkafar tafki da suke kira manoomin, amma jihohi suka yi ta kama su shekara da shekaru kamar ba a taɓa yin takarda ba. A 1974 wasu ƴan'uwa biyu daga Lac Courte Oreilles, wata al'ummar Ojibwe a Wisconsin, suka fita kamun kifi da gangan don a kama su a je gaban alƙali, a 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta ce haƙƙin yana nan. Abin da ya biyo baya ba daɗi, a ƙarshen shekarun 1980 mutane kan taru a bakin tafkunan Wisconsin da daddare suna zagi da jifa kan Ojibwe masu kamun kifi da mashi. A 1999 kuma Kotun Ƙoli, alƙalai 5 da 4, ta tabbatar wa Ojibwe na Mille Lacs a Minnesota haƙƙinsu na 1837. Kar ka ɗauka kamun ba doka, tun 1984 ƙabilu suka kafa hukumarsu ta kula da kifi da namun daji, GLIFWC, yanzu ƙabilu 11 ne a ciki, tana da masana da masu sintiri, kuma kifin da aka soka da mashi ƙirga shi ake yi a bakin ruwa.

Inda na fi so ka tsaya ka gane shi ne yadda su kansu suke kallon yarjejeniya. Bature yana ganin an sa hannu an gama ciniki, su kuwa zumunci aka ƙulla, kuma zumunci sai ana sabunta shi da ziyara da kyauta da zaman shawara, shi ya sa ake hura lofe ana musayar ɗamarar duwatsun wuri da ake kira wampum, kamar yadda aka yi a Niagara a 1764 da wakilan Ingila. Tun da daɗewa suna irin wannan ƙulli da maƙwabta, akwai wanda suka yi da al'ummar Haudenosaunee na akushi ɗaya cokali ɗaya, ma'ana kowa ya ci daga dajin amma ya ɗebi iya buƙatarsa ya bar wa na baya. Alƙalin da ta yanke hukuncin 2018 sai da ta saurari dattawa ta yi la'akari da wannan fahimtar, ba rubutun Turanci kaɗai ta duba ba.

Mulkinsu na gargajiya kuwa a kan zuri'a yake, doodem, kowace zuri'a da dabbarta da aikinta, galibi ta wajen uba ake gado kuma ba a aure cikin zuri'a ɗaya. Yadda aka fi koyarwa, zuri'ar Gauraka da ta wani tsuntsun ruwa mai suna maang su ke da shugabanci, Kifi su ne masu sasanci da tunani, Beyar tsaro da magani, akwai na mayaƙa da mafarauta, sai dai tsarin yakan bambanta daga gari zuwa gari. Shugaba, ogimaa, ba sarki ba ne mai yanke hukunci shi kaɗai, ba ya iya tilasta wa kowa, ana zama ne a yi ta magana har a samu matsaya, in mutane suka daina yarda da shi sai su daina binsa. Mata kuma su ke da amanar ruwa, har yau su ke jagorantar tattakin kare tafkuna. Dokar Kanada ta 1876 kan ƴan asalin ƙasa, da ake kira Dokar Indiyawa, ta ɗora musu tsarin zaɓen shugaba da kansiloli ƙarƙashin ikon jami'in gwamnati, makarantun kwana na dole kuma suka raba yara da harshensu, amma tsarin bai mutu ba. Babbar majalisar Yarjejeniya ta 3, wadda aka ƙulla a 1873 a yankin Lake of the Woods, ta rubuta dokarta ta albarkatun ƙasa a 1997 tana neman kamfanoni su bi ta, al'ummar Ojibwe ta White Earth a Minnesota kuma a 2018 ta yi dokar da ta ba manoomin kanta haƙƙin rayuwa. Sashe na 35 na tsarin mulkin Kanada na 1982 ya amince da haƙƙoƙin yarjejeniya.

Tunda kana wurin, nemi rubutun Robinson Huron ka karanta da kanka, gajere ne. Makon farko na Nuwamba Ontario na ware shi don wayar da kai kan yarjejeniyoyi, ana yin laccoci kyauta, je ka. In za ka tambayi dattijo wani ilimi, al'adarsu ce a miƙa masa ɗan ƙullin taba, ka fara tambayar ofishin ɗalibai ƴan asalin ƙasa na makarantarku yadda ake yi, kuma in ya ce wani labarin ba a ba da shi sai da hunturu, ka haƙura ka jira lokacin.