Shin Kiristocin Ibanjelika na Amurka duk masu son yaƙi ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko duk Kiristocin Ibanjelika na Amurka, wato Furotestan nan masu ba wa'azin bishara muhimmanci, goyon bayan yaƙi suke yi. A'a, kada a yi musu kuɗin goro, amma zargin yana da tushe.

A watan Oktoban 2002 Richard Land, jigo a cocin Baptis ta Kudu, ya rubuta wa Shugaba George W. Bush wasiƙa tare da wasu jagororin Ibanjelika irin su Chuck Colson da Bill Bright, suka ce afka wa Iraƙi ya cika sharuɗɗan yaƙin adalci, wato ƙa'idodin da koyarwar Kirista ta gindaya kafin yaƙi ya halatta. A ganina sun tafka babban kuskure. Sharuɗɗan nan sun ce ba a ɗaukar makami sai kowace ƙofar sulhu ta rufe, alhali a lokacin ba a ko gama batun binciken makaman Saddam ba. Makaman kuma ba a same su ba, ga ɗimbin rayuka sun salwanta.

Amma marigayi Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, shi ma ɗan Ibanjelika ne na cocin Baptis, ya yi shekara da shekaru yana koyarwa ranar Lahadi a cocin ƙauyensu Plains. A Maris 2003 ya fito fili ya ce yaƙin ba na adalci ba ne, da waɗannan sharuɗɗan dai ya kafa hujja.