Amsa: Gano inda waya take a cikin gini ba tare da GPS ba

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka tambaya ko aikin digiri na biyu a nan Samaru zai yiwu kan gano inda waya take a cikin gini. Zai yiwu, kuma ba sai da kayan tsada ba.

GPS, wato tsarin da waya ke gane wuri da shi a waje, na buƙatar sigina daga taurarin ɗan adam aƙalla 4, kuma da rauni take isowa ƙasa, kwano da kankare su ƙarasa ta. Shi ya sa masu bincike suka koma kan WiFi da turakun sadarwa.

Auna lokacin tafiyar sigina ya fi auna ƙarfinta daidai, amma ni dai ka bar shi. Sigina na cin mita 300 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, ɗan kuskuren agogo sai ya jefa ka wani gini daban. Ka kama hanyar ƙarfin sigina: zaɓi bene guda, raba shi gida-gida kamar na dara, a kowane gida ka rubuta ƙarfin kowace WiFi da waya ke ji, sannan ka koya wa kwamfuta gane wuri daga lambobin. Masu bincike a Microsoft sun gwada haka tun 2000 da tsarinsu RADAR.

Jama'a ne za su ba ka wahala. Jikin mutum na shanye sigina, don haka awon sassafe ba zai zo ɗaya da na rana ba, lokacin da ɗalibai suka cika. Ka auna duka biyun, kuma da wayoyi daban-daban, domin Tecno da Samsung ba lallai su ba da lamba ɗaya a wuri guda ba.