Kwamfutar ofis ta cika: a sayi sabuwa ko a gyara?

Tambaya: Ina da ƙaramin ofis na buga takardu. Kwamfutarmu ta shekara bakwai, kullum jan layi ne a kan faifan C, tana cewa wuri ya ƙare, ga nawa wajen buɗe komai. Abokin aikina ya ce mu sayi sabuwa kawai. Ina neman shawara.

Amsa: Malama, kada ki yi saurin fitar da kuɗi kafin ki san abin da ya cinye wurin. Ki shiga Settings, sai System, sai Storage, za ki ga komai da girmansa. Da wuya takardunku su zama masu laifi, domin bidiyo guda kan fi ɗaruruwan takardun Word nauyi. Ki leƙa Downloads, inda ake tara abin da aka sauke aka manta, sannan ki zubar da kwandon shara (Recycle Bin), don abin da ke cikinsa yana nan riƙe da wurinsa. Akwai kuma Windows.old, ragowar tsohuwar manhaja bayan sabuntawa, wanda kan haura gigabait 10. Ki bar Disk Cleanup, manhajar share faifai da ke cikin Windows, ya cire shi, kada ki sa hannu cikin babban fayil ɗin Windows da kanki. Ki kunna Storage Sense ya riƙa yi miki shara lokaci-lokaci.

Idan bayan wannan wurin bai isa ba, abin da zan so ki saya shi ne faifan SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, mai gigabait 500. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, SSD irin na SATA, wanda ake jonawa a mazaunin tsohon faifan, kuwa kusan 500. Wannan canji kaɗai kan sa tsohuwar kwamfuta ta farfaɗo. Mai gyara zai kwafe komai zuwa sabon faifan ba tare da kin rasa manhajojinki ba. Amma ya fara dubawa: wasu ƙananan laftof ma'ajiyarsu eMMC ce, mai gigabait 32 ko 64, a manne take da allon injin, ba ta ciruwa.

Inda abokin aikinki zai yi gaskiya shi ne batun tsaro. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin injin kwamfuta. In kwamfutar ba za ta ɗauki Windows 11 ba, alhali bayanan abokan cinikinku na ciki, ki fara tanadin sabuwa.

Tambaya: Na kwashe fayilolin kasuwancina zuwa faifan waje, na goge su daga kwamfuta. Hakan ya wadatar?

Amsa: Malam, wannan ya dame ni ƙwarai. Wuri ka sauya musu, har yanzu kwafi ɗaya gare ka. Faifan waje na iya faɗuwa sau ɗaya ya tafi da lissafin shekaru. Ka sami faifai na biyu ka ajiye shi a wani wuri daban, sannan ka ɗora rasit da takardun yarjejeniya a intanet. Google na ba da gigabait 15 kyauta, amma tare da Gmail ake cin su, OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, kuma gigabait 5. Duk wata ka buɗe fayil biyu ko uku daga ajiyar, ka tabbatar suna buɗuwa.